Yadda ake sauka a ƙananan filayen jirgin sama na tsaunukan Alps don hutun zamiya a kan ƙanƙara

Babu ƙauyen zamiya ko ɗaya a tsaunukan Alps da babban jirgin fasinja yake sauka a ƙofarsa. Ƙauyukan suna can sama, a ƙuryar kwaruruka, inda hanya ke murɗewa tana hawa. Filayen jirage kuwa suna ƙasa, inda aka samu sarari. Saboda haka duk mai niyyar hutun zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato gangarowa daga kan dutse da dogayen alluna ɗaure a ƙafa, tafiya biyu ce a gabansa: ta sama da ta ƙasa. Mutane sukan ɓata kwanaki suna farautar tikitin jirgi mai rahusa su manta da ta ƙasan, alhali ita ce ke cin kuɗi da ƙarfi, ita ce kuma ke sa a isa masauki da tsakar dare, yara sun galabaita.

Manyan ƙofofin yankin su ne Geneva da Zurich a Suwizalan, Munich a Jamus, Lyon a Faransa, da Milan a Italiya. Ban da su akwai ƙananan filaye da suka kutsa cikin tsaunukan ko suka raɓe su: Innsbruck da Salzburg a Ostiriya, Chambéry da Grenoble a Faransa, Bolzano a Italiya, Sion a Suwizalan, sai Memmingen da Friedrichshafen a kudancin Jamus. Ƙaramin fili yana rage maka awa ɗaya ko biyu a mota, yana kuma raba ka da yawo a manyan zauruka. Abin da ba ya ba ka shi ne tabbas. Jiragensa kaɗan ne, yanayi kan hana sauka, idan kuma ka rasa jirgi ɗaya, na gaba yana iya zama sai wani mako. A ganina ƙaramin fili ya cancanci a bi ta kansa, amma ga wanda ya fara lissafinsa daga ƙofar masauki ya yo baya, kuma ya san abin da zai yi idan jirgi ya sauke shi a wani garin daban.

Mataki na 1: Zaɓi ƙauyen tukuna, sannan filin

Kada ka sayi tikiti saboda ka ga sunan fili mai araha, sannan ka koma neman inda za ka. Fara da ƙauyen, ka auna shi da filaye biyu: ƙaramin da ya fi kusa, da babban da za ka koma wa idan al'amura suka cuɗe.

Innsbruck shi ne fitacce a cikin ƙananan. Filin yana wajen kilomita 4 yamma da tsakiyar birnin, birnin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1964 da 1976. Daga nan zuwa Seefeld bai kai rabin awa sosai ba a mota. Mayrhofen kamar awa ɗaya ne, Sölden da St. Anton da Ischgl kuma awa ɗaya da 'yan mintuna idan hanya a buɗe take. Wanda ya sauka a Munich sai ya ƙara kusan awa biyu kafin ma ya iso Innsbruck ɗin. Salzburg kuwa ita ce ƙofar gabas: Flachau ƙasa da awa ɗaya, Obertauern da Zell am See da Kaprun da Saalbach tsakanin awa ɗaya da ɗaya da rabi.

A Faransa, filin Chambéry yana bakin tafkin Bourget, kuma shi ne mafi kusa da kwarin Tarentaise, inda Courchevel da Méribel da Val Thorens da La Plagne da Les Arcs da Tignes da Val d'Isère suke. Daga Chambéry zuwa Méribel kamar awa ɗaya da rabi ne, zuwa Val d'Isère kamar awa biyu, alhali daga Geneva zuwa Val d'Isère ana shafe kusan awa uku. Filin Grenoble kuwa sunan kawai ya ɗauka. Yana garin Saint-Étienne-de-Saint-Geoirs, wajen kilomita 40 daga birnin, a ɓangaren da ke nesa da tsaunuka. Daga can zuwa Alpe d'Huez kamar awa ɗaya da rabi ne, kuma ƙarshen hanyar hawa ne mai lanƙwasa 21, wanda mai jiri a mota ya kamata ya sani tun da wuri.

Bolzano na masu zuwa tsaunukan Dolomites ne. Ba a kai awa ɗaya daga nan zuwa Val Gardena. Kamfanin SkyAlps ne ke riƙe da yawancin zirga-zirgar filin da jirage masu farfela. Sion jiragen fasinjansa ƙalilan ne ƙwarai, don haka mai zuwa Verbier ko Crans-Montana ko Zermatt ya ɗauki Geneva da jirgin ƙasa a matsayin hanyarsa.

Akwai kuma wuraren da babban fili ne ya fi kusa, ba a bukatar wani dogon nazari. Chamonix da Morzine awa ɗaya da 'yan mintuna ne daga Geneva. St. Anton yana da tashar jirgin ƙasa a cikin gari, kuma akwai jirgin da ke tasowa daga Zurich kai tsaye ya iso cikin kamar awa biyu da rabi. Filin da ake yawan nunawa a bidiyo a Courchevel, mai titi mita 537 a kan gangare, da na Samedan kusa da St. Moritz, na ƙananan jiragen haya ne da na attajirai. Fid da su daga lissafinka.

Ga wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba, shawarata ita ce Seefeld ko Zell am See. Ba su da tsayi sosai, suna da tashar jirgin ƙasa, akwai gangare masu sauƙi, kuma wanda ya gaji da zamiya yana da abin yi a gari. Biyan kuɗin tikitin hawa, wato na shiga na'urorin da ke kai masu zamiya saman dutse, a wurin da ke da ɗaruruwan kilomita na hanyoyi, wanda a manyan wurare kan haura yuro 70 a rana, asara ce ga mai koyo da zai yi mako guda a gangare biyu.

Mataki na 2: Dubi rana da wata

Yawancin otal-otal da gidajen haya a ƙauyukan zamiya daga Asabar zuwa Asabar suke ba da ɗaki. Wannan al'adar ce ta tsara komai. Chambéry da Grenoble kusan filayen ƙarshen mako ne, daga Disamba zuwa Afrilu. Ranar Talata kana iya duba jadawali ka ga babu komai. Innsbruck da Salzburg suna aiki duk shekara, amma ranar Asabar ta hunturu jirage kan yi jerin gwano daga Birtaniya da Holan da ƙasashen arewacin Turai, filin ya cika ya batse.

Asabar ɗin ce kuma ranar cunkoso a hanya, domin masu tafiya da masu zuwa a titi ɗaya suke haɗuwa. Hanyar Albertville zuwa Moûtiers ita kaɗai ce babbar mashigar kwarin Tarentaise. A ƙarshen Disambar 2014 dusar ƙanƙara ta sauka a ranar canjin baƙi, dubban motoci suka maƙale a jihar Savoie, mutane suka kwana a zaurukan wasanni da makarantu. Idan masaukinka ya yarda da Lahadi zuwa Lahadi, ko shiga a tsakiyar mako, karɓa hannu bibbiyu.

Batun wata kuwa, makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa da Birtaniya da Jamus da Holan, su ne mafiya tsada da cunkoso. Daga mako na biyu na Janairu farashi kan faɗi, sai dai sanyi ya fi tsanani, rana kuma gajera ce. Maris ya fi daɗi ga baƙo daga ƙasa mai zafi, amma a lokacin sai a nemi ƙauye mai tsayi domin ƙanƙarar ƙasa-ƙasa ta fara narkewa. A waɗannan shekarun azumin Ramadan yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, don haka duba kalandar Musulunci kafin ka biya komai.

Mataki na 3: Biza, da tarkon bi ta Landan

Nan ne mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ya bambanta da Bature, kuma nan ne na fi son mai karatu ya natsu.

Ostiriya da Faransa da Italiya da Jamus da Suwizalan duk suna cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, biza ɗaya ta isa. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai kuma kuɗinta faran ne ba yuro ba, amma tana cikin Schengen tun 2008. Ana neman bizar ne daga ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, ko da ba a nan jirginka zai fara sauka ba. Wanda zai sauka a Munich ya yi mako a St. Anton, bizar Ostiriya zai nema. Wanda zai sauka a Geneva ya wuce Chamonix, ta Faransa. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, amsa kuma kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Dole fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitarka, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Mai son tafiya a Janairu ya fara neman ranar ganawa tun Satumba.

Yanzu ga tarkon. Idan ka bincika jiragen Chambéry ko Grenoble a intanet, za ka ga kusan dukansu daga Birtaniya suke tasowa, kuma da yawa daga na Innsbruck ma haka ne. Farashinsu yana da jan hankali. To, Birtaniya ba ta cikin Schengen, kuma bizar Schengen ta ɗan gajeren zama ba ta buɗe maka ƙofarta. Ɗan Najeriya ko Ghana yakan buƙaci bizar ratse ko da ba zai fita daga filin jirgin Landan ba, balle a ce ya sauka a filin Heathrow zai tashi daga na Gatwick, filaye biyu daban na Landan, wanda shiga ƙasa ne sosai. Waɗannan jiragen sun dace da ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Birtaniya, su ma da sharaɗin sun nemi bizar Schengen daga can, domin izinin zaman Birtaniya ba ya maye gurbinta. Wanda zai taso daga gida, ya nemi hanyar da za ta kai shi cikin Schengen kai tsaye ko ta bi da shi ta Santambul.

Daga Abuja ko Legas ana zuwa Frankfurt da Paris da Santambul, daga Legas har Amsterdam. Daga waɗannan biranen, ko ta Vienna babban birnin Ostiriya, za ka nemi haɗi: Santambul ko Frankfurt zuwa Salzburg, Vienna zuwa Innsbruck, Amsterdam zuwa Innsbruck ko Salzburg a lokacin hunturu. Mai tashi daga filin Malam Aminu Kano ta Alƙahira ko Addis Ababa zai fi samun sauƙi ya nufi babban fili kamar Munich ko Milan ko Geneva, ya ƙarasa a jirgin ƙasa. Jadawalin kamfanoni yana canzawa daga kaka zuwa kaka, don haka tabbatar a shafin filin jirgin da kansa.

Biza tana bukatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Wannan ta ofishin jakadanci ce, kuma da yawa daga cikin masu arahar ba sa biyan raunin da aka samu a wasan ƙanƙara. Karanta takardar da idonka, ka ga an ambaci wasannin hunturu da ceto daga kan dutse. A Faransa ana cajin mutum kuɗin sauko da shi daga gangare, jirgi mai saukar ungulu kuwa a ko'ina dubban yuro ne. A Savoie akwai inshorar Carré Neige da ake saye tare da tikitin hawa. A Italiya, tun 2022 doka ta tilasta wa kowane mai zamiya ya riƙe inshorar da za ta biya idan ya buge wani.

Wurin cike takarda, nemi kwanaki da ɗan rara, kwana biyu ko uku a kan na hutunka. Dalilin zai bayyana a matakin ƙarshe.

Mataki na 4: Tikiti ɗaya, da abin da ke cikin jaka

Sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, daga gida har ƙaramin filin. Idan jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema maka wani, kayanka kuma za su bi ka. Idan ka raba tikiti biyu don ragin yuro hamsin, jirgin farko ya yi latti, na biyu ya tafi da kuɗinka, babu wanda za ka kama. Araha ba ta ado. In ya zama dole ka raba, to ka kwana a garin da za ka yada zango.

Ka bar aƙalla awa biyu da rabi zuwa uku a filin da za ka fara shiga Schengen, domin a nan ne jami'an shige da fice za su duba ka, ba a Innsbruck ko Salzburg ba, sai dai idan daga Santambul ka taso kai tsaye. Tun Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyakokin yankin, layi kuma kan yi tsawo da safe lokacin da jiragen Afirka ke sauka. Riƙe takardar masauki da tikitin dawowa da inshora a bugu a hannu. Zaɓi jirgin da zai isa ƙaramin fili da rana. Waɗannan filayen ba sa aiki da tsakar dare, jirgin ƙarshe na yamma shi ne wanda jinkiri ya fi kayarwa.

Kada ka sayi allunan zamiya ko takalmansu. Kowane ƙauye yana da shagunan haya, za su gwada ƙafarka, su daidaita maɗauri da nauyinka da tsayinka, su ba ka sanduna da hular kwano. Wanda yake da nasa ya yi musu rajista tun lokacin sayen tikiti, domin ƙananan jirage cikinsu ba shi da yalwa.

A jakar hannu sa rigar sanyi mai kauri, hula, safar hannu, safar ƙafa, kayan ciki na kwana ɗaya, magunguna da caja. A ƙananan filaye yawanci matakala ake saukowa a taka zuwa zaure, ko a shiga bas, iskar da ke ƙasa da sifili kuma ita ce za ta fara gaishe ka. Idan akwati ya yi batan kai, jirgin da zai kawo shi ba lallai ya zo gobe ba. Kada ka bar zauren kaya sai ka cike takardar rahoto a teburin kamfanin, ka ba su adireshin masauki.

Kilishi da dambun nama da man shanu da cuku su zauna a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi daga ƙasashenmu, ƙwacewa ake yi, har da tara. Wanda ya riƙo tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan.

Mataki na 5: Kama motar da za ta hau da kai, tun kana gida

Ƙaramin fili ba shi da jerin tasi da ke jira har dare, kuma tasin da aka tsayar a take zuwa ƙauye mai nisan awa ɗaya da rabi ɗaruruwan yuro ne. Hanyoyi huɗu ne.

Jirgin ƙasa da bas sun fi araha, a Ostiriya kuma abin dogaro ne. A Innsbruck bas mai harafin F yana kai mutum babbar tashar jirgin ƙasa cikin kamar minti ashirin. Daga nan akwai jirgi zuwa Seefeld da St. Anton da Kitzbühel. Mai zuwa Mayrhofen ya canza a Jenbach, mai zuwa Sölden ya sauka a tashar Ötztal ya shiga bas. A Salzburg bas mai lamba 2 ne ke zuwa tasha, daga nan zuwa Zell am See ko Bad Gastein. A Faransa jirgin ƙasa yana tsayawa a ƙasan kwari, a Moûtiers ko Aime ko Bourg-Saint-Maurice, sai bas ya ƙarasa hawan. Duba lokacin bas na ƙarshe kafin ka amince da wannan hanyar.

Ta biyu motar haɗaka ce da ake biyan kujera tun kafin tafiya. Tana da sauƙin kuɗi, sai dai za ka jira fasinjojin wani jirgin, kuma a yi ta sauke mutane kafin a zo kanka. Ta uku shatar mota ce kai da iyalinka. Idan kun kai huɗu ko biyar, ita ce ta fi dacewa. Ba su lambar jirginka, ka faɗi shekarun yara saboda kujerunsu, ka kuma tambaye su a rubuce: idan an karkatar da jirgina zuwa wani fili, me za ku yi, nawa kuma za ku ƙara?

Ta huɗu hayar mota ka tuƙa da kanka, kuma ba na ba wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba wannan shawarar. Gwanintar tuƙi a kwalta ko yashi ba ta aiki a gangaren da ya daskare da dare. Wanda ya saba, ya riƙe lasisin ƙasa da ƙasa da katin banki mai sunansa don ajiyar jingina. A Ostiriya tayoyin hunturu wajibi ne daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara, manyan tituna kuma sai da takardar kuɗin hanya. A yankunan tsaunukan Faransa, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris sai da tayoyin hunturu ko sarƙar da ake ɗaura wa taya don hana santsi a cikin mota. Takardar hanyar Suwizalan faran 40 ce, ta shekara guda, ko da yini ɗaya za ka yi. Koyi ɗaura sarƙa a wurin ajiye motoci da rana, kada ka bari sai a gefen dutse cikin duhu.

Mataki na 6: Ranar sauka, da abin yi idan an karkatar da jirgi

Filin Innsbruck yana kan tsayin mita 581, titinsa ɗaya ne mai tsawon mita 2,000, a cikin kwarin kogin Inn, duwatsu masu haura mita 2,000 dama da hagu. Jirgi yana bin kwarin ne ya sauko, har fasinja ya ga dutse daidai tagarsa. Ba kowane matuƙi ake bari ya sauka a nan ba sai wanda ya yi horo na musamman, haka ma Chambéry. Wannan abin kwantar da hankali ne: dokokin suna da tsauri, matuƙin da bai gamsu da abin da yake gani ba kuma tashi yake ya sake zagayowa ko ya nufi wani fili. Idan ka ji injin ya ƙara ƙarfi jirgi ya koma sama, aikinsa yake yi yadda aka koya masa.

Abubuwa uku ne ke hana sauka: hazo da gajimare da suka kwanta a kwari, zubar dusar ƙanƙara mai yawa, da wata iska mai ɗumi da ke kwararowa daga kudu ta kan tsaunuka, wadda mutanen wurin ke kira Föhn, mai girgiza jirgi sosai. Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a Kano lokacin da hazon hunturu ya rufe gari ya san yadda abin yake: babu wanda ya yi laifi, babu kuma wanda zai iya gaggauta shi. Jiragen Innsbruck akan kai su Munich ko Salzburg, na Chambéry kuma Lyon ko Grenoble ko Geneva.

Idan haka ta faru, kada ka yi saurin ficewa ka shiga tasi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ɗora wa kamfani nauyin kai ka filin da ka saya wa tikiti, galibi a bas, da ba ka abinci, da ɗaki idan kwana ya kama. Diyyar kuɗi ta yuro 250 zuwa 600 ba a biyanta idan yanayi ne sanadi, amma kulawar tana nan daram. Dokar ta shafi duk jirgin da ya tashi daga cikin Tarayyar, da wanda ya shigo idan na kamfanin Tarayyar ne. Karɓi akwatinka, ka saurari sanarwa, ka kira mai motarka da masaukinka nan take, domin ƙananan gidajen baƙi kan rufe teburin karɓa da wuri, sai sun san da kai za su bar maka makulli. Ajiye kowace rasit. Wani lokacin filin da aka kai ka yana da jirgin ƙasa da zai fi bas ɗin kamfani sauri. Idan ka zaɓi hakan, sanar da ma'aikatan kamfanin kafin ka tafi. Don wannan ne tun a mataki na farko na ce ka san babban filinka.

Sayi layin waya mai aiki a Turai ko ka buɗe naka kafin tashi. Lambar gaggawa 112 ce a ko'ina, ceton kan dutse a Ostiriya 140, jiragen ceto na Rega a Suwizalan 1414.

Mataki na 7: Yinin farko a sama

Saurin da ƙaramin fili ke ba ka yana da nasa nauyin: cikin 'yan sa'o'i jikinka ya tashi daga ƙasa zuwa tsayin da bai saba ba. Val Thorens yana kan mita 2,300, Kühtai kusa da Innsbruck mita 2,020. Ciwon kai da haki da rashin barci a daren farko ba baƙon abu ba ne. Sha ruwa sosai, kada ka hau ƙololuwa a ranar da ka iso.

Ga al'ummarmu akwai magana mai muhimmanci da littattafan yawon buɗe ido na Turawa ba su cika yi ba: amosanin jini, wato sikila. Sanyi da ƙarancin iska da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon. Ko mai rukunin AS, wanda bai taɓa jin komai ba, tsayi mai yawa kan taɓa masa saifa. Duk wanda abin ya shafa, shi ko ɗansa, ya ga likita kafin a biya kuɗin tafiya, a kuma zaɓi ƙauyen da ke ƙasa-ƙasa kusa da asibiti, irin Zell am See ko cikin birnin Innsbruck. Ciwo mai tsanani a hagun ciki a kan dutse ba abin jira ba ne.

Kama gurbi a makarantar koyon zamiya tun kafin ka zo, musamman a Fabrairu. Alamomin gangare launi ne: a Faransa kore ne mafi sauƙi, sai shuɗi, ja, baƙi. A Ostiriya da Suwizalan da Italiya daga shuɗi ake farawa. Sa hular kwano da tabarau, ka shafa man kariya daga rana ko da fatarka baƙa ce, domin ƙanƙara tana mayar da haske.

Abincin tsaunuka cike yake da naman alade, sau da yawa a ɓoye cikin miya ko dankali. A Jamusanci kula da Schwein da Speck da Schinken, a Faransanci porc da lardons da jambon, a Italiyanci maiale da prosciutto. Narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki da giya ake haɗa shi. Gida mai kicin ya fi otal sauƙi a wannan fannin. Yi cefane a Innsbruck ko Salzburg ko Chambéry, inda akwai shagunan halal na Turkawa da Larabawa, kafin ka hau. Zell am See ta saba da baƙi daga ƙasashen Larabawa, ana samun gidajen abincin halal a can. A Disamba da Janairu rana kan faɗi tun wajen huɗu da rabi, Azahar da La'asar da Magariba suna kusa da juna, don haka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi kafin ka bar gida.

Mataki na 8: Dawowa

Duba hasashen yanayi tun saura kwana biyu. Idan ana sa ran zubar ƙanƙara, ko jirginka na safe ne kuma yana haɗe da dogon jirgin komawa Afirka, sauko ka kwana a garin da filin yake. Ranar Asabar ƙara aƙalla awa ɗaya a kan lokacin da taswirar waya ta nuna. Mayar da kayan haya da yammacin jajibiri, ka biya harajin baƙi na masauki a daren, kada su tsare ka da asuba. Zauren Chambéry ƙarami ne, ranar cunkoso wurin zama kan yi wuya, don haka riƙe ruwa da abin taɓawa na yara. Jirgi kuma kan ɗan daɗe a ƙasa ana fesa wa fukafukansa maganin narkar da ƙanƙara, wani dalilin ke nan na barin tazara mai kyau a filin da za ka canza jirgi.

Karanta takardar bizarka da kyau: akwai ranar farawa da ta ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin zama, kuma wanda ya fara cika shi ne iyakarka. Idan an soke jirgi kuma kwanakinka suna gab da ƙarewa, karɓi shaida a rubuce daga kamfanin, ka je wurin 'yan sandan kan iyaka da ke filin kafin wa'adin ya wuce. Dokar bizar Schengen ta ba da damar tsawaita zama kyauta ga wanda abin da ya fi ƙarfinsa ya hana shi fita. Ajiye shaidar da tikitin da aka soke tare da fasfonka, domin ana iya tambayarsu a wurin fita, da kuma ranar da za ka sake neman biza.